Yadda Ake Zaɓen Ruwan Sanyaya Don Yankan Titaniyam Da Sauran Ƙarafan Jirgin Sama

Duk ma'aikacin da ya saba yankan ƙarfe na yau da kullum a kan inji, ranar da ya koma kan titaniyam, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne yadda bakin yanka ke mutuwa da wuri, alhali in ya taɓa jikin ƙarfen da yake yankawa bai yi wani zafin a-zo-a-gani ba. Dalilin yana cikin halin ƙarfen kansa. Gamin titaniyam da aka fi amfani da shi a jiragen sama, wato Ti-6Al-4V, mai ɗauke da alminiyam kashi 6 cikin 100 da banadiyam kashi 4, ba ya barin zafi ya ratsa shi sai da ƙyar. A ma'aunin ratsawar zafi yana tsayawa ne a kusan 7, yayin da ƙarfen yau da kullum ke kusan 50, alminiyam samfurin 7075 kuwa ya kai wajen 130. Ke nan zafin da ya kamata ya bi ɓarɓashi ya fita, ko ya bazu cikin jikin ƙarfen, sai ya taru a ɗan ƙanƙanin wurin da baki ke haɗuwa da aiki, har ya iya kusantar digiri 1000 a ma'aunin Salshiyas. A irin wannan zafi titaniyam yana manne wa bakin kabaid, wato abu mai tauri da ake yin bakin yanka da shi, yana ɓantare shi kaɗan-kaɗan, kuma da yake ƙarfe ne mai lanƙwasuwa ya dawo fiye da ƙarfen yau da kullum, sai ya riƙa gogar bayan bakin yana ƙara wa wutar itace.

Saboda haka ruwan sanyaya a wannan aiki yana da matsayi irin na bakin yanka da saurin inji, kuma zaɓensa yana da tsari. Kuskuren da na fi gani shi ne a fara da tambayar kuɗin ganga, ko a ɗauki abin da mai sayarwa ya fi yabo. A ganina tambayoyin suna da jeri: me ruwan zai yi wa ƙarfen, ta yaya zai isa bakin yanka, da wane ruwa za a gauraya shi, me zai yi wa jikin mai aiki, sannan can a ƙarshe nawa zai ci.

Mataki na farko: rubuta ƙarafan da ayyukan da ruwan zai taɓa

Kafin ka kira kowane mai sayarwa, ka zauna ka rubuta duk ƙarfen da zai hau injin, har da wanda ake yanka sau ɗaya a wata. Jirgin sama na zamani gauraye ne: a nauyin jikin Boeing 787, kusan rabi haɗaɗɗun kaya ne, galibi na zaren kabon, alminiyam kashi 20 cikin 100, titaniyam kashi 15, ƙarfe kashi 10. Masana'antar da ke yi wa irin wannan jirgi aiki da wuya ta tsaya kan ƙarfe ɗaya, kuma kowane ƙarfe da abin da yake ƙi.

Alminiyam samfurin 2024 da 7075, saboda jan ƙarfe da tutiyar da ke cikinsu, suna yin baƙin tabo idan ruwan ya cika kaifin alkali ko ba shi da sinadarin kariya. Gamin nikel irin su Inconel 718, da ake yin sassan injin jirgi masu shan wuta da shi, yana taurara a gaban baki yayin da ake yankarsa, yana cin bakin a daidai layin zurfin yanka, kuma ba ya shiri da farar wuta. Magniziyam yana fitar da iskar haidurojin idan ya daɗe cikin ruwa, don haka ko dai a yanke shi da tsantsar mai ko da ruwan da aka haɗa musamman dominsa. Ƙarfe mai tsananin ƙarfi irin 300M na ƙafafun sauka yana tsoron tsatsa da kuma raunin da haidurojin ke jawowa. Idan tanki ɗaya ne ke ciyar da injuna da yawa, to ƙarfen da ya fi kowanne tsautsayi shi ne zai yanke hukunci a madadin sauran.

A gefen ƙarafan ka rubuta ayyukan. Fiɗar sama-sama da ake kwashe nama mai yawa tana bukatar sanyi fiye da santsi. Huda rami mai zurfi tana bukatar ruwan da zai turo ɓarɓashi waje. Yanka haƙoran noti a cikin rami, da jan dogon baki mai haƙora don fitar da gurbin fuka-fukan injin a jikin faifai, ayyuka ne masu tafiya a hankali waɗanda santsi ne ransu. Wasawa da dutse kuma tana son ruwa marar kauri, mai wanke dutsen, marar kumfa.

Mataki na biyu: amincewar mai kaya, wato kamfanin da ya ba da aikin, da sinadaran da aka haramta

Wannan matakin shi ne wanda ba a yin ciniki a kansa. Manyan kamfanonin ƙera jirage da injunansu suna da jerin ruwan yankan da suka gwada suka amince da shi, kuma duk wanda ke yi musu aiki dole ne ya zaɓa daga ciki. Boeing yana da ƙa'idar BAC 5008, Airbus da Rolls-Royce da Pratt & Whitney da Safran kowanne yana da tasa. Ka buɗe zanen aikin da takardar oda ka ga wace ƙa'ida aka ambata, sannan ka nemi mai sayarwa ya ba ka kwafin takardar amincewar, ka duba abubuwa uku: sunan ruwan daidai da yadda yake a jikin ganga, ƙarafan da amincewar ta shafa, da iyakar ƙarfin gaurayawar da aka yarda da ita. Sau da yawa amincewa tana zuwa da sharaɗi, misali an yarda da ruwan a kan alminiyam amma ban da titaniyam, ko an yarda da shi muddin za a wanke kayan ta wata hanya kafin a gasa su. Kalmar “na jirgin sama” da aka buga a takardar talla ba ta maye gurbin wannan takarda.

Asalin wannan tsanani yana da tarihi. A shekarun 1960, lokacin da kamfanin Lockheed ke ƙera jirgin leƙen asirin Amurka na SR-71 da magabacinsa A-12 a garin Burbank na jihar Kalifoniya, injiniyoyi sun lura cewa sassan titaniyam da aka yi wa walda da bazara suna lalacewa cikin ɗan lokaci, waɗanda aka yi da hunturu kuwa suna nan daram. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa kulorin da ake ƙara wa ruwan famfon garin a lokacin zafi, wanda da shi ake wanke sassan, shi ne mai laifin, aka koma wanki da tataccen ruwa. A wannan aikin ne kuma aka gano cewa sufanun da aka shafe da kadmiyam suna barin ɗan burbushi a kan kusoshin titaniyam, wanda ke sa su karyewa idan sun yi zafi. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin lahanin biyu da ya bayyana a ranar da aka yi aikin.

Don haka sinadarin farko da za ka tambaya shi ne kulorin. Shekaru da yawa ana zuba man farafin mai kulorin a cikin ruwan yanka domin yana hana baki mannewa a ƙarƙashin matsi mai tsanani, kuma gaskiya yana aiki. Matsalar ita ce, idan burbushin gishirin kulorin ya rage a jikin titaniyam, sannan kayan suka shiga zafin da ya kai wajen digiri 300 ko sama suna ɗauke da nauyi, tsaga tana iya farawa ta ci gaba a ɓoye. Akwai masu ganin cewa wanki mai kyau yana kawar da haɗarin, kuma maganarsu ba ta rasa hujja ba, amma wa zai rantse cewa ya wanke ƙasan makahon rami mai haƙoran noti tas? Ni dai ra'ayina shi ne a ɗauki ruwan da ba a sa masa kulorin ba tun farko. Ga kuma dalili na biyu: nau'in wannan farafin mai gajeren sarƙa ya shiga jerin sinadaran da Yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2017. Gwajin da aka fi ambata a wannan fanni shi ne ASTM F945, wanda ke duba ko sinadari yana jawo wa titaniyam tsaga a cikin zafi, sai ASTM F1110 mai duba cin da ruwa ke yi wa alminiyam idan ya maƙale tsakanin faranti biyu, da ASTM F519 na raunin haidurojin a ƙarfe mai ƙarfi.

Na biyu shi ne farar wuta, musamman nau'inta mai saurin kama ƙarfe. A kan gamin nikel tana yin tabo, kuma idan ta rage a jiki aka kai kayan gashi ko walda, tana haɗuwa da nikel su ba da wani gami mai narkewa a ƙasa da digiri 650, wanda ke bin tsakanin ƙwayoyin ƙarfen ya raunana shi. Na uku shi ne silikon na maganin kumfa, wanda ke hana fenti da gam kamawa, kuma yana iya toshe bakin ƙananan tsagogi har ruwan gano tsaga mai ƙyalli ya kasa shiga. Ka tambayi kuma kadmiyam da dalma da tutiya, sannan ka faɗaɗa tambayar ta haɗa da man layin injin, wato wanda ake shafa wa hanyoyin da sassansa ke zamewa a kai, da man haidurolik, domin su ma a tankin suke ƙarewa.

Mataki na uku: mai ko ruwa

Ruwan yanka iri huɗu ne. Akwai tsantsar mai da ba a gauraya shi da komai. Akwai mai narkewa, wanda idan an zuba shi a ruwa yake komawa fari kamar madara. Akwai na tsaka-tsaki, mai ɗan mai kaɗan da ƙwayoyinsa suka yi ƙanƙanta har ana iya hangen haske ta cikinsa. Akwai kuma wanda ba shi da man ma'adini ko kaɗan, sinadarai ne zalla a cikin ruwa. Ruwa yana ɗaukar zafi kusan ninki biyu na abin da mai ke ɗauka a nauyi ɗaya, kuma zafi yana ratsa shi kusan ninki huɗu, shi ya sa ga yawancin juyi da sassaƙa da huda a kan titaniyam ruwan gauraye ne zaɓin da ya dace. Amma sanyi kaɗai ba ya isa, tunda titaniyam mai mannewa ne. Abin da za ka nema shi ne mai narkewa ko na tsaka-tsaki wanda aka ƙarfafa santsinsa da esta, wato man da aka sarrafa daga na tsirrai ko aka haɗa a masana'anta, a maimakon kulorin. Ana yawan aiki da shi a ƙarfin kashi 8 zuwa 12 cikin 100, sama da abin da aka saba a kan ƙarfen yau da kullum.

Tsantsar mai tana da gurbinta a jan dogon baki, da huda mai zurfi sosai, da wasu ayyukan wasawa, inda saurin yanka yake ƙasa kuma kyawun fuska ya fi komai. Wanda ya zaɓe ta a kan titaniyam lallai ne injinsa ya kasance a rufe, da na'urar zuƙe hazo da na'urar kashe gobara mai aiki da kanta. Siririn ɓarɓashin titaniyam yana kama wuta, kuma idan ya kama ba a watsa masa ruwa, sai busasshen yashi ko hodar kashe wutar ƙarfe ta rukunin D. Ruwan gauraye mai yawa yana hana wutar tashi tun asali, amma hakan bai ba da damar barin ɓarɓashi ya taru ya bushe a lungun inji ba.

Akwai wuri ɗaya da amsar ita ce babu ruwa sam. Idan ana sassaƙar Inconel da bakin tangaran a gudun ɗaruruwan mitoci a minti, zafin ne ke tausasa ƙarfen a gaban bakin, kuma ruwan da ke faɗa masa yana ɗaukewa a kowane juyi zai farfasa shi nan take. A nan da muguwar rawa gara ƙin tashi, sai a yi amfani da iska mai matsi don kore ɓarɓashi. Sanyaya da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ko da iskar kabon dayoksaid, tana ƙara wa baki kwana a kan titaniyam, sai dai tana bukatar injin da aka shirya mata da sabuwar amincewar mai kaya. Feshin ɗan mai kaɗan cikin iska, mililita kaɗan a awa, ya dace da huda inda zaren kabon da titaniyam suke a liƙe, amma ba ya iya kwashe zafin fiɗa mai nauyi.

Mataki na huɗu: yadda ruwan zai isa bakin

Ruwa mafi tsada a duniya ba shi da amfani idan yana zuba a kan ɓarɓashi yana gangarewa. A zafin da ke bakin yankan titaniyam, ruwan da aka kwararo a hankali yana tafasa kafin ya taɓa wurin, tururinsa ya zama garkuwa tsakaninsa da ƙarfen, kamar yadda ɗigon ruwa ke rawa a kan faranti mai tsananin zafi ba tare da ya jiƙa shi ba. Abin da ke keta wannan garkuwa shi ne matsi. Bar 70 shi ne matakin da injunan zamani da yawa ke iya bayarwa ta cikin sandar juyi da jikin baki, kuma bar ɗaya ya yi kusan matsin iskar da ke kewaye da mu. A wannan matsi, ramin feshi mai faɗin milimita 1 yana harba ruwa da gudun da ya wuce mita 100 a daƙiƙa, yana cin kimanin lita 4 zuwa 5 a minti. Idan aka saita shi daidai tsakanin ɓarɓashi da fuskar baki, za ka ga dogon zaren titaniyam da a da yake nannaɗe aiki ya koma gajerun ƙawanya suna zuba ƙasa. Ka yi wannan lissafi ga duk ramukan da ke bakinka, domin famfon da ya kai matsi amma bai kai yawan lita ba zai faɗi da zarar an sa baki mai manyan ramuka.

Matsi yana zuwa da nasa sharuɗɗa, kuma su ne za su tace maka jerin ruwan da ka tara. Na farko kumfa: ruwan da ke zaune lafiya a ƙaramin famfo yana iya cika inji da kumfa a bar 70, kuma kumfa iska ce, ba ta sanyaya komai, tana kuma lalata famfo. Ka nemi a gwada maka ruwan a matsin da za ka yi aiki da shi, da irin ruwan da za ka gauraya. Na biyu tacewa, domin burbushin titaniyam da na nikel da ke yawo cikin ruwa suna karce fuskar aiki suna toshe ramukan mahuji. Matata mai kama abin da ya kai maikuron 10 zuwa 25 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) ita aka fi sawa, amma ka tabbata ba ta tsotse maganin kumfar ruwan ba. Na uku zafin tanki. Famfo mai matsi yana ɗumama ruwan da kansa, kuma alminiyam mai tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da kusan maikuron 23 a kowane digiri, wato hawan digiri 5 tsakanin safe da yamma ya isa ya fitar da dogon sashe daga awonsa da fiye da kashi ɗaya cikin goma na milimita. Na'urar sanyaya tanki da babban tankin da zai ba iska lokacin fita daga ruwa suna cikin zaɓin.

Mataki na biyar: ruwan gaurayawa

Kashi 90 cikin 100 na abin da ke tankinka ruwa ne, amma shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Ka kai samfurinsa ɗakin gwaji a auna taurinsa, da kulorin na gishiri, da salfet, da ƙwayoyin cuta. Ruwa mai tauri sosai yana haɗuwa da sabulun da ke riƙe mai a cikin ruwa ya ba da dauɗa mai danƙo, har gaurayen ya tsinke. Ruwa mai laushi ƙwarai kuma yana haifar da kumfa. Yawancin masu haɗa ruwan yanka suna son cikon farko da ruwa mai matsakaicin tauri, sannan ƙarin yau da kullum da tataccen ruwan da aka cire wa gishiri.

Dalilin wannan bambanci lissafi ne mai sauƙi. Ɗauki tanki mai lita 1000 da aka cika da ruwa mai kulorin na gishiri miligiram 40 a lita. Idan lita 50 na tashi a tururi kullum, kuma kana mayar da su da irin ruwan nan, to kowace rana giram 2 na gishirin kake ƙarawa, tunda tururi ba ya tafiya da gishiri. Bayan kwanaki 30 na aiki tankin ya doshi miligiram 100 a lita, in ban da ɗan abin da ɓarɓashi ya kwashe. Ka ga ke nan mutum ya biya kuɗi ya sayi ruwan yanka marar kulorin, sannan ya shigo da kulorin ta bututun famfo da hannunsa.

Mataki na shida: lafiyar mai aiki

Ka karanta takardar bayanan tsaro ta kowane ruwa kafin ya shigo. Matsi mai yawa yana ƙara hazo, kuma hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta ba da shawara tun 1998 cewa kada hazon ruwan yanka da ke isa ƙirji ya wuce miligiram 0.4 a kowace mita kubik ta iska. Shaƙar hazon gurɓataccen ruwa yana jawo asma da kumburin huhu, taɓa shi kullum kuma yana jawo ƙaiƙayi da tsagewar fata. Ka guji ruwan da ke da naitirait tare da nau'in sinadarin amin da ake kira na biyu, domin haɗuwarsu tana ba da sinadaran da ke jawo ciwon daji. A Jamus ƙa'idar TRGS 611 ta tsaya a kan wannan. Ƙasashen Tarayyar Turai sun tsananta kan boric asid da magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu sakin fomaldihaid, don haka ruwa da yawa na yanzu ba su da su, kuma irin waɗannan sun fi bukatar kulawa da tsafta.

Mataki na bakwai: gwaji a kan injinka

Idan jerin ya ragu zuwa biyu ko uku, sai a gwada. Ka ware inji ɗaya, da aiki ɗaya da ake maimaitawa, da bakunan yanka daga kwali ɗaya, da ƙarfe daga narki ɗaya in zai yiwu. Ka fara da auna ruwan da kake amfani da shi yanzu domin ka sami abin kwatance. Kada ka dogara da ido ko da kunnen mai aiki wajen sanin mutuwar baki. Ka sa madubin ƙara girma ka auna cin da ke bayan bakin, ka tsayar da iyaka guda, kamar milimita 0.3 da ƙa'idar ISO 3685 ta tanada ga juyi, ka ƙirga mintuna ko adadin kayan da aka yi kafin a kai ta. Ka maimaita aƙalla sau uku, domin baki ɗaya yana iya mutuwa da wuri saboda dalilin da ba ruwansa da ruwa. Ka rubuta nauyin da ke kan sandar juyi, da santsin fuska, da tsayin kumfa bayan awa huɗu na aiki, da abin da ya rage a jikin kaya bayan sun bushe.

Ga wani ɗan gwaji da ba ya cin komai: ka goge ƙananan faranti na kowane alminiyam da kake yanka, ka nutsa rabin jikin kowanne a kwalbar ruwan da aka gauraya, ka rufe ka bari kwana ɗaya ko biyu. Layin da ruwa ya haɗu da iska shi ne inda tabo ke fara fitowa. Gwajin inji kuwa ka ba shi aƙalla wata biyu zuwa uku, domin kowane sabon ruwa yana da kyau a makon farko, halinsa na gaskiya sai ya sha man layi da gishiri da zafi.

A nan ne za a yi maganar kuɗi, kuma lissafin na kowane kaya ɗaya da aka gama ne: bakunan da aka cinye, lokacin da inji ya tsaya, yawan ƙarin da ake yi, kuɗin zubar da tsohon ruwa, da kayan da aka yi asara. A aikin da ɗanyen titaniyam guda ɗaya da aka buga a maƙera ya riga ya sha makonni na aiki kafin yankan ƙarshe, araha ba ta ado.

Mataki na takwas: zubawa da kulawa

Kafin sabon ruwa ya shiga, ka zuba maganin wanke inji a cikin tsohon ruwan ya zagaya na tsawon lokacin da mai shi ya ƙayyade, sannan a kwashe duka, a ɗaga na'urar jan ɓarɓashi a share laka da ke ƙarƙashinta, a ɗauraye bututu. Ƙwayoyin cutar da suka yi sheƙa a bango za su cinye sabon ruwa cikin makonni idan an bar su. Wajen haɗawa, kullum tsantsar maganin ake zubawa a cikin ruwa ana motsawa, ba a zuba ruwa a kan maganin, domin juya tsarin yana ba da gauraye mai kauri marar daidaito. Na'urar gaurayawa mai awo ta fi bokiti.

Kowace safiya mai aiki ya ɗebi ruwan daga bakin feshi, ya ɗiga a kan gilashin rifiraktomita, wato na'urar auna ƙarfin gauraye, ya rufe murfin, ya ɗaga ta wajen haske ya karanta inda shuɗi ya rabu da fari. Lambar da ya gani sai ya ninka ta da lambar gyaran da ke takardar ruwan: idan ya karanta 6 kuma lambar gyaran 1.5 ce, ƙarfin ruwan kashi 9 ne. Idan layin ya yi dishi-dishi ya ƙi fita sarai, man layi ya yi yawa a tankin, sai a duba na'urar yaɗe mai. Ƙarin yau da kullum ana yin sa da gauraye marar ƙarfi, kashi 2 zuwa 4, tunda ruwa ne ya fi tashi, kuma ba a ƙara ruwa zalla. Ma'aunin pH, wato na tsami da alkali, yakan zauna tsakanin 8.5 da 9.5, faɗuwarsa alama ce ta ƙwayoyin cuta, hawansa kuma barazana ce ga alminiyam da fatar hannu. Sau ɗaya a mako a tsoma sandar gwajin ƙwayoyin cuta a ajiye ta kwana biyu a wuri mai ɗumi, kuma idan ta nuna miliyan ɗaya a mililita to tankin ya fita daga hannu. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi ranar da aka dawo daga hutu iskar da ƙwayoyin cuta marasa son iska suka saki ce a ƙarƙashin man da ya rufe saman ruwa, kuma barin famfo ya riƙa zagayawa na ɗan lokaci a ranakun hutu yana rage shi.

Duk waɗannan lambobi a rubuta su a takarda ɗaya da ke rataye a jikin injin, da kwanan wata da sa hannu, domin masu binciken ingancin aikin jiragen sama na tsarin AS9100 da Nadcap suna iya neman ganinsu, kuma idan wani kaya ya dawo da tabo bayan wata shida ita ce za ta nuna halin da tankin yake a ranar da aka yanke shi. Kada a zuba maganin kumfa ko na ƙwayoyin cuta a tanki sai an tabbatar amincewar mai kaya ta haɗa da shi. Idan mai haɗa ruwan ya sanar cewa ya canja wani sinadari a cikinsa, ko da sunan bai canja ba, ka tsayar da sabuwar gangar a gefe ka rubuta wa mai kaya, kada ta shiga tanki sai amsa ta zo a rubuce.